Koyon Saƙar Ulu: Malamar Da Ta Fara Mana Da Warwara

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai kasuwanninmu su sake kama. Masu gwanjo su baje suwaita da safa da hulunan sanyi, iyaye mata su yi ta ɗagawa suna gwadawa a jikin 'ya'yansu, ana ciniki ana ƙorafin tsada. A Kano da Katsina da Zariya sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15 a watannin Disamba da Janairu, a Jos kuwa wani lokaci har ƙasa da 10. To, a irin wannan lokaci ne mata da yawa kan tuna da alluran saƙa da curin ulu waɗanda suka saya bara ko bara waccan, suka yi layi biyar ko shida, abu ya rikice, suka jefa su ƙasan akwati. Ni ma shekara uku na yi ina cikin wannan ayari, kuma har na yanke wa kaina hukunci cewa hannuna ba na saƙa ba ne.

Wadda ta warware mini wannan zato wata dattijuwa ce a unguwarmu, tsohuwar malamar darasin kula da gida a makarantar 'yan mata, wadda ta daɗe da yin ritaya. Kowace Asabar bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanta, mu biyar mu zauna gabanta: ma'aikatan ofis biyu, da ma'aikaciyar jinya ɗaya, da ɗalibai biyu. Malama kawai muke ce mata, ita kuwa kowaccenmu 'yar nan ce a bakinta, har da wadda ta aurar da 'ya. Dalilin rubuta wannan bayani shi ne na lura abin da ya raba koyarwarta da ta waɗanda suka gwada koya mini a baya ba yawan sani ba ne, tsarin abin da ake fara nunawa ne.

Ranar farko kowa ta zo da sabon ulu, Malama ta ce a ajiye. Sai ta ɗauko wata tsohuwar suwaita wadda gwiwar hannunta ta ɓule, ta yanke bakin wuyanta, ta zaro bakin zare ta miƙa mini, ta ce in ja a hankali in riƙa kallon abin da ke faruwa. Ina ja, zaren yana fita daga zagaye zuwa zagaye, layi bayan layi, har na naɗe curi guda a hannuna ban gamu da ƙulli ko ɗaya ba. A nan ne na fara gane abin da ban gane ba cikin shekara uku. Saƙar da muka gada, wato ta masaƙa, zare kashi biyu ne, na tsaye da na kwance, ɗaya yana ratsa ɗaya. Saƙar allura kuwa zare ɗaya ne tak, wanda ake lanƙwasawa ya zama ɗan zagaye, a zura wani zagayen ta cikinsa, haka har a gama riga. Wannan ɗan zagaye shi za mu kira ido, kamar idon raga. Kowane ido yana rataye ne da wanda ke bisansa, kuma na can sama duka suna rataye a jikin allura. Shi ya sa saƙar allura take talewa ta koma, shi ya sa take riƙe iska a tsakanin idanunta ta hana ɗumin jiki fita, kuma shi ya sa idan ido ɗaya ya suɓuce, sai ya yi ta zarewa ƙasa kamar an buɗe masa hanya.

Abu na biyu da ta nuna mana a jikin tsohuwar suwaitar shi ne fuskokinta biyu. A waje idanun sun jeru kamar ƙananan haruffan V, a ciki kuwa sun yi gudaji-gudaji kamar ƙwayar shinkafa a kwance. Littattafai sukan ce saƙa iri biyu ce, ta gaba da ta baya, mai koyo ya ɗauka abubuwa biyu ne dabam. Malama ta juya mana ƙyallen sau biyu sau uku har muka gani da idonmu cewa ido ɗaya ne, gabansa da bayansa. In ka jawo zaren ta wajenka ka yi ta gaba, in ka tura shi ta can ka yi ta baya. Duk wani ado da ake gani, da bakin hannu mai talewa, da mai kama da kitso, da mai huda-huda, daga jujjuya waɗannan biyun suka fito, tare da ƙara ido ko rage shi.

Ranar Da Ta Ɓata Mini Aiki

A mako na uku na yi layi kamar ashirin waɗanda ba su da laifi, ina ta murna a zuci. Malama ta karɓa ta duba, ta yaba, sa'an nan, ina ji ina gani, ta sa farce ta ture ido ɗaya daga tsakiyar allurar, ta ja ƙyallen gefe da gefe har idon ya gangara layi huɗu. Na ce, “Haba Malama!” Ta ce, “'Yar nan, gara ya faɗi a gabana da ya faɗi kina ke kaɗai da tsakar dare.”

Sai ta ce in faɗa mata abin da nake gani. Na ce na ga ɓarna. Ta ce in sake dubawa. Da na natsu sai na ga idon yana nan a ƙasa bai ɓace ba, kuma a bisansa akwai zare huɗu a kwance kamar matakan tsani, ɗaya na kowane layi. Ta ba ni kwarashi, na zura a cikin idon, na kamo matakin farko na jawo shi ta ciki, sa'an nan na biyu, da na uku, da na huɗu, na mayar da idon kan allura. Ko alamar wurin ba ta ragu ba. Aikin bai kai minti biyu ba, alhali kuwa irin wannan kuskure ne ya sa na warware saƙa gaba ɗaya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har na gaji na daina.

Kowaccenmu sai da aka yi mata haka. Bayan faɗuwar ido, ta koya mana gane idon da ya murɗe saboda an mayar da shi kan allura a karkace, da gane ramin da ke fitowa idan zare ya haye allura ba da niyya ba, da dalilin da ya sa mai koyo takan fara da ido 20 ta wayi gari da 24. Galibi a farkon layi abin yake faruwa: an bar zaren ya rataya ta bisa allura, ya ɗago idon farko har ya yi kama da biyu, aka saƙa su duka. Ta kuma koya mana komawa baya ido ɗaya-ɗaya ba tare da zare allura ba. A ganina wannan shi ne ginshiƙin koyarwarta. Malamai da yawa, a saƙa da wanin saƙa, idan ɗalibi ya yi kuskure sukan karɓi aikin su gyara su mayar masa, don ya fi sauri, kuma ɗalibin ya yi godiya. Amma ya koma gida da abin da ya zo da shi, wato tsoro. Ban taɓa ganin Malama ta gyara wa wata aiki da hannunta ba. Takan zauna ne a gefen mutum, ba a gabansa ba, don hannunta na dama ya yi daidai da nasa, ta yi abin a nata ƙyallen sannu a hankali, kai kuma ka yi a naka.

Batun riƙon zare ma ba ta tilasta wa kowa ba. Akwai masu riƙe shi a hannun dama suna naɗa shi a kan allura, wanda shi ne salon Ingila, kuma shi aka koya mata tun tana ɗaliba. Akwai masu riƙe shi a hagu suna kamo shi da bakin allura, salon da aka fi sani a Jamus da maƙwabtanta. Da ta lura uku daga cikinmu sun riga sun iya kwarashi, inda zare a hagu yake zama, sai ta ce su ci gaba da riƙonsu, ba ta ga dalilin rushe abin da hannu ya riga ya saba ba. Abin da ba ta yafewa shi ne matse zare. Mai tsoro yakan ja zare da ƙarfi har allura ta kasa shiga, kafaɗa ta ƙage, yatsu su yi ciwo. Idan ta ga haka sai ta sa mutum ya ajiye, ta jawo wata hira.

Lissafi

Ɗaliban da ke cikin masu karatu za su ji daɗin sanin cewa lissafin firamare shi ne rabin wannan sana'a. Kafin a fara kowace riga, Malama takan sa a saƙa ɗan ƙyallen gwaji, a wanke shi, a shimfiɗa, a ɗora ma'auni a ƙirga ido nawa ne cikin santimita 10. A ce an sami 20, wato ido 2 a kowace santimita. Idan ana son rigar yaro mai kewayen santimita 60, ido 120 za a ɗora. Amma idan wata mai matsattsen hannu ta ɗauki wannan adadi na 120 alhali nata gwajin 22 ne, rigarta ba za ta kai santimita 55 ba. Mai sakakken hannu wadda ke samun 18 kuwa tata za ta kusa 67. Zare ɗaya, allura ɗaya, umurni ɗaya, amma riguna uku dabam-dabam. Duk wadda ta taɓa bin takardar umurni sau da ƙafa, ta gama ta ga rigar ta ƙi shiga kan yaron, ga dalili nan.

Akwai kuma tarkon lambar allura. A tsohon tsarin Ingila, wanda ke jikin alluran iyayenmu da tsofaffin littattafai, gwargwadon girman lamba gwargwadon sirancin allura: lamba 8 kaurinta milimita 4 ne, lamba 10 kuwa milimita 3.25. A tsarin Amurka abin a juye yake, lamba 8 tasu milimita 5 ce. Mafita ita ce a manta da lamba a dubi milimita. Haka nan yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik. Malama ta kunna ashana ta nuna mana bambancin: ulu na ainihi yakan yi ƙaurin gashi ya bar toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Na roba ya fi araha, ya fi jure wanki, amma dutsen guga mai zafi yana kashe shi, kuma ya kamata uwa ta san cewa yaron da ke sanye da shi bai dace ya matsa kusa da wutar jin ɗumi ba. Ta kuma gargaɗe mu mu sayi duk zaren da riga za ta ci a lokaci guda, mu duba lambar rini a jikin takardarsa, domin shuɗin wannan tukunya ba lalle ya zama shuɗin waccan ba.

Irin wannan koyarwa, ta sa ɗalibi ya dogara da idonsa da lissafinsa, tana da wata fitacciyar jagora a duniyar saƙa, wato Elizabeth Zimmermann. An haife ta a Ingila a 1910, ta auri Bajamushe, suka ƙaura zuwa Amurka a 1937, daga baya suka zauna a wani tsohon ginin makaranta a jihar Wiskonsin. Ta fara da sayar wa mujallu tsarin riguna, amma ranta ya ɓaci da yadda editoci ke sake rubuta bayaninta, su mayar da rigar da ta saƙa a zagaye ba ɗinki ta zama gutsattsari waɗanda sai an harhaɗa. Saboda haka wajen ƙarshen shekarun 1950 ta fara buga 'yar takardarta tana aika wa masu saƙa kai tsaye. Littafinta na 1971, Knitting Without Tears, wato saƙa ba da hawaye ba, sunansa kaɗai ya nuna waɗanda take magana da su. Ta koyar ta talabijin, kuma a 1974 ta fara taron koyon saƙa na shekara-shekara, wanda 'yarta Meg Swansen ta gada. Ta rasu a 1999.

Babbar gudummawarta ita ce wani tsari na kaso cikin ɗari wanda ke 'yanta mutum daga takardar umurni. Ka auna ƙirji, ka ninka da abin da gwajinka ya ba ka, ka sami adadin idon jikin riga. Duk sauran daga nan suke fitowa. Idan jikin ido 200 ne, wuyan hannu kashi 20 ne cikin ɗari, wato 40. Damtse kamar sulusi, wato 66. Hammata kashi 8, wato 16. Wuya kashi 40, wato 80, ko da yake na yara yana bukatar ƙari saboda girman kansu. Malamarmu ba daga littafin ta koyo ba, na tambaye ta, amma da na karanta mata wannan lissafi sai ta ɗauko wata suwaita da ta saƙa da jimawa ta ƙirga, adadin ya zo kusa ƙwarai. Dariya kawai ta yi.

Sana'ar Turawa Ce?

Da yake ulu da suwaita da kwarashi duk kalmomin aro ne, kuma ta makarantun boko saƙar allura ta yaɗu a tsakanin matanmu, mutane da dama sun ɗauka Turawa ne suka ƙago ta. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Mafi daɗewar kayan saƙar allura da aka tono a Masar aka same su, safa ce ta auduga, fari da shuɗin baba, daga wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, wasu har da rubutun Larabci a jikinsu, kuma kyawun aikinsu ya nuna sana'ar ta riga ta nuna kafin lokacin. A ƙasar Sifen ma, a kabarin wani ɗan sarki da ya mutu a 1275, an sami matashin kai na saƙar allura mai ɗauke da kalmar baraka da haruffan Larabci.

Kusa da gida kuma, ga jar dara. Hular da ake yi a birnin Tunis, wadda fatake suka daɗe suna ƙetaro Sahara da ita zuwa ƙasar Hausa da Barno, asalinta saƙar allura ce. Mata ne ke saƙa ta da farin ulu, ƙatuwa, sakwa-sakwa, sa'an nan a jiƙa ta da ruwa da sabulu a yi ta bugu har gashin ya cuɗe ya tsuke, idanun saƙar su ɓace, a taje ta, a rina ta ja. Sana'ar ta bunƙasa a Tunis bayan zuwan Musulmin Andalus da aka kora daga Sifen tun daga 1609. Ashe abin da ke lalata suwaitar ulu idan an cuɗe ta a ruwan zafi, shi ne kuma sirrin dara. Maza masu ganin saƙa aikin mata ne su ma su tuna cewa masaƙanmu na saƙi maza ne, kuma a biranen Turai na da, ƙungiyoyin masu saƙar allura na maza ne, waɗanda sai sun yi shekaru a ƙarƙashin maigida kafin a sallame su.

Ba zan ruɗi mai karatu da cewa saƙar hannu za ta kori gwanjo daga kasuwa ba. Lissafi ba zai bari ba. Suwaitar babba mai ido 200, idan layi 28 ne ke ba da santimita 10, daga ƙugu zuwa hammata kaɗai ta haura ido 22,000. Mai yin ido 30 a minti za ta shafe fiye da awa 12, ba a zo hannuwa da kafaɗa ba. Tun 1589 wani Bature a Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa, kuma tun daga lokacin hannu bai sake yin tsere da inji ya ci ba. Inda hannu ke da riba shi ne ƙananan kaya da kayan da ake so daidai da jikin mai su: hular jariri, da safarsa, da 'yar rigar da ake kai wa mai jego ranar suna. Hular jariri mai ido 64 da layi 35 ba ta kai ido 2,300 ba, aikin yamma ɗaya ne. Kuma ba ado kawai ba ce. Ma'aikaciyar jinyar da ke cikinmu ta bayyana mana cewa jariri sabon haihuwa, musamman bakwaini, yana saurin rasa ɗumi, da yawa ta kai, domin kansa babba ne idan aka gwada da jikinsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a tsane shi nan take, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe masa kai, a jinkirta wanka, don zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5.

Ga ma'aikatan da ke tsara shirye-shiryen koyar da sana'a kuwa, akwai abin dubawa a nan. Tun daga azuzuwan yaƙi da jahilci, zuwa shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, da wanda ya biyo bayansa a 1994, ɗinki da saƙa ba su taɓa fita daga jerin abin da ake koya wa mata a cibiyoyi ba. Gini da injin saƙa da curin ulu suna da sauƙin rubutawa a takardar kasafi, suna kuma da kyau a hoton ranar buɗewa. Malama ta gari ba ta fitowa a hoto, kuma ba a gane ta da yawan takardun shaida. Hanyar gane ta ɗaya ce: a ɗauki ɗalibarta ta wata uku, a ture mata ido ɗaya daga allura, a ga abin da za ta yi. Ko wadda za ta koma aiki da inji tana bukatar wannan sani, domin inji ma yana zubar da ido, kuma ba ya ɗauka da kansa. Haka kuma aji mai mutum arba'in ba zai yi ba, tun da yake dole malama ta ga yatsun kowa. Tamu ba ta taɓa karɓar fiye da shida ba.

Hotunan bidiyo na wayar hannu suna da amfaninsu, ni ma nakan duba su, kuma ana iya maimaita su sau goma ba su gaji ba. Sai dai su suna nuna maka hannun gwani ne, ba sa ganin naka.

A hunturun da ya wuce na gama hula da safa na jikar wata abokiyar aikina, ido 64 a allura mai milimita 4, kuma sau biyu ido ya suɓuce mini ina ni kaɗai na ɗauko shi. Da na kai wa Malama ta gani, ta juya hular ciki waje, domin a nan take duba aiki, ta ja bakin ta ga ya koma, ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Sai ta nuna mini wata sabuwar ɗaliba da ke ƙarshen tabarma, wadda ta yi layi goma sha biyar tana murmushi, ta ce, “'Yar nan, ɗauki kwarashinki ki je ki zauna a gefenta.”